Limamin Taga

Zuwa ga Abban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da karatun da ya ɗauke mana kai. Yaya sanyin can? Yaya bayan da ka ce yana damunka in ka daɗe a zaune? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoton da ka aiko. Na ce mata laifin waya ne, ba ta yarda ba. Auta ta fara haƙori, ta gwada shi a kafaɗata, yana aiki sosai.

Ka ce in daina wahalar da kaina da wasiƙa tunda ga waya. Ba zan daina ba. A waya in na fara labari sai ka yi ta cewa "to, to," ni kuwa na san idonka yana kan littafi. A takarda ba ka da yadda za ka katse ni.

Labarin asibiti ne. Shugabar sashenmu na magunguna ta yi ritaya. An yi mata jawabai masu daɗi, waɗanda suka fi ƙosawa da ita su suka fi kowa yabonta. Yanzu mutum biyu ke neman kujerar, kuma duk ka san su. Na farko Limamin Taga, dattijon nan Kirista mai farin gilashi, wanda ya zo mana barka da aka haifi Auta, ya ɗosana a bakin kujera kamar za a ce ya tashi. Na biyu Mai Turare, wanda ka ce ko ya daɗe da wucewa hanci yana ba da labarinsa.

Ban sani ba ko na taɓa gaya maka inda Liman ya samo sunansa. Tagar da muke ba da magani ba a rufe ta, don mai ciwo ba ya jiran kowa. In an kira azahar, maza su tafi masallacin da ke bayan ɗakin awo, mu mata mu shiga sito mu shimfiɗa darduma a tsakanin kwalaye, shi kuma ya tsaya a taga shi kaɗai har a dawo. La'asar ma haka. Ranar Juma'a kuwa kusan yini yake yi a tsaye. Mu kuma mu riƙe masa Lahadi ya tafi coci da iyalinsa. Ba wanda ya rubuta wannan tsari, a haka na zo na tarar. Wani ne wata rana ya ce masa ai shi ma liman ne, ga sahu nan a gabansa, sunan ya bi shi. Shi da kansa in ya ji kiran salla yakan ce, "Ku tafi, ni ma jama'ata sun taru."

Shugaban asibiti yana ji da wannan tsari ƙwarai. Duk baƙon da ya zo, bayan an nuna masa sabon injin ɗaukar hoto, sai a biyo da shi taga a nuna masa Liman. Shugaba ya ce ga zaman lafiya nan a tsaye da ƙafafunsa. Liman ya yi murmushi, ya ci gaba da zuba ƙwayoyi a leda.

An sa ni cikin kwamitin da zai zaɓa, a madadin ma'aikatan sashen. Mu biyar ne: Shugaba, Likitan ƙashi, Akanta, Babbar Nas, wadda ita ma Kirista ce, sai ni. Ba zan ɓoye maka inda zuciyata take ba. Liman ne ya koya mini aikin nan da na fito jami'a da kan da ya fi ƙarfin wuyana. An taɓa tsallake shi sau ɗaya, lokacin da aka kawo wadda ta yi ritayar daga wani asibiti. Jiya muna jera kwalabe ya ce mini, in aka sake tsallake shi, zai ajiye aiki. Ba da ɗaci ya faɗa ba. Ya ce matarsa ta gaji da amsa tambayar mutanen cocinsu, shi kuma ya gaji da ce mata ta yi haƙuri. Ya ce, "'Yata, mutum ba ya tsufa a taga sai in bai iya komai ba, haka mutane ke gani."

Mai Turare ba mugu ba ne, kada ka ce na ɓata shi. Ya iya aiki, ya iya kwamfuta fiye da mu duka. Amma shi ma a hannun Liman ya koyi bambance rubutun likita da tafiyar tsutsa.

Ka riƙa cin abinci. Ka gaishe da abokin ɗakin naka mai minshari.

Taka har kullum,
Lauyarka, kamar yadda kake kirana in na fara gardama

*

Abban yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, jarrabawar kuma ta zo da sauƙi. Saƙonka ya iso. Hajiya ta sa na karanta mata har ƙarshe, na tsallake abin da ya kamata a tsallake. Yara lafiya. Babbar 'yarmu ta ce in gaya maka ta daina tsoron kyankyaso, ƙarya take yi.

Mun yi zaman farko na kwamiti, na kuma ga wani abin da tun tuni yake gabana ban gani ba.

Da safe muka gana da su biyun. Mai Turare ya zo da allon kwamfuta mai launi-launi, ya yi bayani mai kyau. Liman ya zo hannu rabbana, aka tambaye shi yadda zai hana magani lalacewa a sito, ya amsa har Akanta ya ajiye bironsa yana kallonsa. Da suka fita, Shugaba da kansa ya ce ai magana ta fito fili. Likitan ƙashi ya gyaɗa kai. Na ce a raina an gama. Sai aka kira azahar, Shugaba ya ce a je a yi salla a dawo a rufe magana.

Maza uku suka sauka. Na yi sallata a kusurwar ofis, Babbar Nas tana zaune tana duba wayarta. Da na idar na tsaya a jikin tagar bene ina shan iska. Daga nan ana hango ƙofar masallaci, inda ake tuɓe takalma a ƙarƙashin rumfar kwano. Ka san yadda maza kuke: sa takalmi aikin ƙiftawar ido ne, amma sai ku mai da shi zaman majalisa. Shugaba ya sa ƙafa ɗaya, ɗayar tana kan dakali. Akanta yana riƙe da nasa a hannu. Mai Turare ya zo ya gaishe su cikin ladabi, ya tambayi Likitan ƙashi wani abu, aka yi dariya, ya wuce abinsa. Bai yi wani laifi ba, kullum haka suke. Su ukun suka taho a hankali, suna tafe suna tsayawa. Daga can ɓangaren kuma ina hango layin masu karɓar magani, da saman kan Liman.

Da aka dawo, iska ta juya. Shugaba ya ce Liman mutumin kirki ne, babu na biyunsa. Da na ji an fara da yabo na san akwai "amma" a hanya. Amma, in ji shi, shugabanci yana son mai shiga mutane, Liman kuwa ba ya shiga mutane, ba a san cikinsa ba. Akanta ya ce shi ma abin da ya lura ke nan. Likitan ƙashi ya kalli silin. Babbar Nas ta ce kanta yana ciwo, a ɗaga ƙuri'a zuwa wani makon. Aka ɗaga.

A baranda ta kama hannuna ta ce ai ta san za a yi haka, tun farko shiri ne, haka ake yi musu ko'ina: a yaba musu, a ɗauki hoto da su, a ba wani kujera. Ta ce duk haka kuke. Sai ta tuna da wa take magana ta ce, "Ban da ke." Wannan "ban da ke" na sha shi har ya fara yi mini ɗaci. Ban yi mata gardama ba, don abin da take nufi game da manyan kujerun asibitin gaskiya ne, kowa ya ɗaga kai zai gani. Inda muka rabu da ita shi ne maganar shiri. Ni ban ga shiri ba. Da shiri ne da na fi jin daɗi, don mai shiri ya san abin da ya yi. Waɗannan za su iya dafa Alƙur'ani cewa ba su ambaci addinin kowa ba, kuma ba su yi ƙarya ba.

Na tuna abin da ka rubuto mini kwanaki, cewa a can malamanku da ɗalibai sukan je wurin shan abin da ba ka sha da yamma, washegari ka tarar an raba ayyukan bincike, kai an bar maka guntu. Ka ce ba wanda ya tsane ka, ba ka nan ne kawai. Na ce maka ka yi haƙuri, ka tuna? Ashe haƙuri yana da daɗin bayarwa daga nesa.

Ban yanke abin da zan yi ba. Ka san Shugaba ba ya son mace mai dogon bayani, ni kuma ban iya gajere ba.

Allah ya ba ka sa'a. Muna kewarka, ni ce kan gaba.

Matarka,
Lauya

*

Maigida ranka ya daɗe,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na ga shawararka, cewa in bi a hankali. Na gode. Ta iso bayan na riga na yi magana, amma na adana ta, za ta yi amfani wata rana.

An yi zama na biyu. Shugaba ya maimaita maganar shiga mutane, ya ce a kaɗa ƙuri'a. Na nemi izini. Na ce ranka ya daɗe, ina so in san inda mutanen suke, waɗanda ake cewa ba ya shiga. Safe kowa yana kan aikinsa, yamma kowa ya kama hanyar gida. Wuri ɗaya ne a asibitin nan da babba da yaro ke haɗuwa su yi hira ba takarda a tsakaninsu, shi ne rumfar takalma. Lokacin da ake wannan haɗuwa kuwa, shi yana riƙe mana taga don mu samu mu yi salla. Mu muka tsayar da shi a can, muna gode masa, muna nuna shi ga baƙi, yau kuma muna tuhumarsa da rashin zuwa inda muka hana shi zuwa.

Shugaba ya cire gilashinsa. Ya tambaye ni ko ina nufin yana nuna bambancin addini, shi da ya yi makaranta da Kiristoci, shi da likitan mahaifiyarsa Kirista ne. Ya rantse ba a ambaci addini a ƙofar masallaci ba. Na ce na yarda da rantsuwarsa ɗari bisa ɗari. Wannan ya ƙara ɓata masa rai, don ya shirya wa gardama. Akanta ya ce to in an fito salla ɗinke baki za a yi? Na ce a'a, a yi hira, amma a tuna hira ce.

Nan Babbar Nas ta karɓe. Ta fara daga mai gadi ta hau har Shugaba, tana faɗin wanda ke kan kowace kujera da inda yake ibada. Ta haɗa da maganar ɗakin addu'ar da aka yi musu alkawari aka mai da shi wurin ajiye karyayyun gadaje. Duk gaskiya ne, sai dai tana magana ina kallon fuskar Akanta tana rufewa kamar ƙofar sito. Na ce a raina shi ke nan, mun kashe Liman da hannunmu.

Sai Likitan ƙashi ya yi gyaran murya. Ka san shi, yakan yi wata bai haɗa jimla uku ba. Ya ce shi dai tun ɗazu yana ƙoƙarin tuna ko Liman 'ya'ya nawa gare shi, ya kasa, alhali tare suka fara aiki. Na Mai Turare kuwa har wanda ke fama da tari ya sani. Ya ce a makon jiya da safe ya san wanda zai zaɓa, da azahar ya canza, kuma in aka tsare shi ba zai iya faɗin abin da ya canza shi ba, in ban da ɗaya ya gaishe shi a rumfa, ɗaya bai gaishe shi ba. Ya koma kallon silinsa.

Aka kaɗa ƙuri'a. Uku da biyu, Liman ya ci. Shugaba ya sa hannu ya ce ai shi dama mai bin rinjaye ne, ya fita bai kalle ni ba.

Da na ba Hajiya labari ta saurara tsaf, ta ce, "Allah ya saka miki, amma shi mutumin ya ce ki yi masa?" Na ce ai ba sai ya ce ba. Ta ce to, ta ci gaba da jan carbinta.

Ina cikin farin ciki, ba zan yi maka ƙarya ba. Na dawo gida har na yi wa yara waƙa, Babbar ta roƙe ni in daina.

Ka kula mini da kanka.

Taka,
Lauyar da ta ci shari'a

*

Abban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwar jinkirin amsa. Lafiyarmu ƙalau. Auta ta yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Ina fata kai ma lafiya, sanyin kuma ya fara sassauci.

Ka goge sunan da na sa wa kaina a wasiƙar baya.

Abin da aka faɗa a kwamiti bai kwana a kwamiti ba. Babbar Nas ta ba nas-nas labari, cikin murna, cewa an yi faɗa an ƙwato musu haƙƙi. Kafin washegari wasu na yi wa Liman barka kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ɗaya ɓangaren kuma, a rumfar da ka sani, maganar ita ce an ba shi ne don a toshe bakin mutane, Shugaba ya ji tsoron a ce yana da bambanci. Abin mamaki, ɓangarorin biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sun haɗu a kan abu ɗaya: addininsa ne ya ba shi kujerar.

Takardar naɗin ta fito, Liman ya ƙi sa mata hannu. Ya ci gaba da tsayuwa a taga. Ya daina ce mini 'yata, na koma Malama.

Rannan ya kira ni sito, ya tura ƙofa. Bai ɗaga murya ba, bai iya ba. Ya ce shekara da shekaru yana jiran ranar da za a ce ya iya aiki. Yanzu an ba shi, amma abin da ake cewa shi ne an tausaya wa Kirista. Na ce ai a zaman farko kowa ya ga amsoshinsa. Ya ce ba a zaman farko aka zaɓe shi ba. Sai ya tambaye ni: a zama na biyun, wanda aka kaɗa ƙuri'a, akwai wanda ya ambaci aikinsa?

Abban yara, na tsaya ina tunani. Mun yi maganar takalma, mun yi ta rumfa, mun yi ta karyayyun gadaje da likitan mahaifiyar Shugaba. Na bi zaman daga farko har ƙarshe a kaina. Ba wanda ya ce mutumin nan ya iya aiki. Har ni. Na ce masa babu. Ya gyaɗa kai ya ce ya gode da ban yi masa ƙarya ba. Ya ce ya san da kyakkyawar niyya na yi, kuma abin da na faɗa gaskiya ne, shi ma ya daɗe da sani, tunda daga taga ana hango rumfar. Ya buɗe mini ƙofa.

Har yanzu ban ga abin da ya kamata in yi dabam ba. Da na yi shiru da yanzu yana gida. Amma na ga abin da na manta, kuma shi ne abin da ya fi so.

Wanda ya warware maganar sa hannu Mai Turare ne. Ya zo taga ana tsakiyar layi, ya ce da ƙarfi, Baba ka sa hannu mu huta, in ka ƙi ni za a ɗora wa, ni kuma kullum sai na zo na tambaye ka, wahala biyu ke nan. Mutanen layi suka yi dariya. Ban san abin da ke cikin ransa ba, amma ya faɗa a gaban jama'a, na yaba masa da wannan. Washegari Liman ya sa hannu.

Umarninsa na farko: daga yau taga karɓa-karɓa ce. Masu salla su kasu biyu, wasu su je, wasu su jira su dawo, lokaci bai fita ba. Lahadi ma kowa da ranarsa, har shi. Shugaba bai ji daɗi ba, an rage masa abin nuna wa baƙi. Wadda aka fara sawa a taga da azahar kuwa ni ce. Ban tambaya ko lada ne ko horo ba.

Ina tsaye a ranar, ƙafata ta fara gaya mini abin da ban sani ba, sai ga wata tsohuwa mai hawan jini. Ta leƙo ta ce ina Liman? Na ce an ƙara masa girma. Ta ce Allah sarki, ita kam an rage mata. Ta ce shi ne ya gano magunguna biyun da aka rubuta mata ba sa haɗuwa, ya tashi da kansa ya kai takardar wurin likita aka canza. Ta ce duk asibitin nan ba wanda ya san magani kamarsa, in ban ji haushi ba. Na ce ban ji ba. Na nuna mata ƙofar ofis na ce, Baba, ki je ki faɗa masa da bakinki, yadda kika faɗa mini, kada ki rage komai. Daga bakina ba zai karɓa ba.

Ta tafi tana dogara sanda. Sun daɗe a ciki. Da suka fito shi ya riƙo mata ledar maganin, ya raka ta har bakin ƙofa, yana tafiya daidai tafiyarta. Da zai koma bai kalli taga ba, ni ma ina da layi a gabana.

Hajiya tana gaishe ka, yara suna gaishe ka. Ka gama ka dawo, hannuna ya gaji da biro.

Matarka mai kewarka,
Maman Auta